Daga Maɗorin Mafara Zuwa Mai Murɗa Wuya na Amurka: Tarihin Gyaran Ƙashi da Hannu



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne wata hanyar magani da ta samo asali a Amurka, wadda ake kira kairofiraktik, musamman ma reshenta da ya keɓanta da ƙasusuwan saman wuya, da kuma tambayar da kowa yake yi, watau ko tana aiki ko kuwa. Da yawa daga cikinku sun ga abin a wayar hannu: mutum kwance a kan benci, wani ya tallabi kansa da hannu biyu, ya fizga, a ji ƙas, sa'an nan majinyacin ya tashi yana murmushi yana cewa ciwon shekara goma ya tafi. Fannina harshe ne da al'adun Hausawa, saboda haka ta ƙofar tarihi zan shiga wannan magana, kuma daga gida zan fara, domin kuwa mutumin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ba baƙo ba ne ga mai gyaran ƙashi da hannu. Ya san maɗori tun kaka da kakanni.

Harshen kansa shaida ne. Bahaushe ya rarrabe karaya da tsagewar ƙashi, ya rarrabe gocewa da targaɗe, kuma kowanne ya san nauyinsa. Kalmar ɗori daga ɗorawa ta fito, watau aza wani abu a kan wani domin su haɗu, kuma wannan shi ne ainihin aikin: a ja gaɓar da ta karye har bakunan ƙashin su daidaita, a jera karare ko tsinkayen itace da aka fere, a ɗaure da tsumma, a shafa man shanu, a yi tofi, a hana gaɓar motsi. Sana'a ce ta gado, uba ya koya wa ɗa, har a garuruwa da dama akwai sarautar Sarkin Ɗori kamar yadda ake da Sarkin Aska ga wanzamai. A wannan kwari na Gulbin Sakkwato, inda Mafara da ƙasar Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun suke, maɗori bai taɓa rasa aiki ba. Akwai wanda doki ya kayar, akwai wanda ya faɗo daga kan ɗorawa garin kaɗo kalwa, akwai ɗan kokawa da ɗan dambe, akwai ɗan dakon da kaya suka zame masa ranar kasuwar Talata, kasuwar da garin Mafara ya samo rabin sunansa daga gare ta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, akwai na ciwon ido, akwai na basur, akwai na amfanin filasko, amma shi ɗori a hannu ya zauna, daga hannu kuma ake karɓarsa.

Abin da nake so ku riƙe game da maɗori shi ne ƙanƙantar da'awarsa. Bai ce yana maganin farfaɗiya ko kurumta ko ciwon ciki ba. Ƙashi ya karye, ya ce zai ɗora, kuma bayan wata biyu ko uku duk unguwa za ta ga ko ƙafar ta miƙe ko ta karkace. Ilmin likitanci ya tabbatar da dalilin nasararsa: ƙashi da kansa yake haɗewa, yana fitar da wani ɗanyen ƙashi a bakin karayar wanda yake ƙarfafa a hankali, cikin 'yan makonni ga yaro, mako shida zuwa goma sha biyu ga babba, muddin an daidaita shi an hana shi motsi. Haka kuma ilmin ya nuna inda yake kasawa. Idan ɗaurin ya yi tsanani, gaɓar ta kumbura a cikinsa, jini ya daina gudana, naman ya mutu, sai a ƙare da yanke hannu ko ƙafa, kuma likitocin ƙashi a asibitocin koyarwa na ƙasar nan sun daɗe suna rubuta rahoto a kan yaran da suka rasa hannu ta wannan hanya. Tun daga lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka gama a 1978, manyan injuna da motoci suka shigo wannan yanki, daga baya kuma babura suka cika hanyar Gusau zuwa Sakkwato, irin karayar ma ta sake: ƙashi ya farfashe, ya huda fata ya fito, ƙasa ta shiga ciki. Wannan ta fi ƙarfin kara da tsumma.

To, wuya fa? A nan ne tarihin ya fi daɗi, domin magabata a ko'ina sun ji tsoron wuya. Akwai wata tsohuwar takardar likitanci ta Masar, wadda aka rubuta kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ana kiranta da sunan Edwin Smith, mutumin da ya saye ta a ƙarni na 19. A cikinta an kawo labarin wanda ƙashin wuyansa ya goce, hannuwansa da ƙafafunsa suka daina ji, fitsari yana zubo masa, aka kuma sanya shi cikin cututtukan da likita ba zai taɓa ba. Likitan Girka Abuƙiraɗu ya bayyana yadda ake jan gadon baya a kan benci, likitan Andalus Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe babban sashe na littafinsa At-Tasrif ga karaya da gocewa, amma dukansu sun san cewa a cikin ƙashin wuya laka take, kuma in ta taɓu ba ta ɗoruwa. Dalilin a fili yake. Ƙasusuwan wuya bakwai ne. Na farkonsu, wanda Turawa suka sa wa suna Atlas, zobe ne kawai, shi ne yake ɗauke da ƙoƙon kai mai nauyin kilo biyar ko kusa da haka, yana kuma juyawa a kan wani ɗan turke da ya fito daga ƙashi na biyu, kuma kusan rabin waiwayen da mutum yake yi a wannan gaɓa yake faruwa. Ta cikin ƙananan ramukan da suke gefen waɗannan ƙasusuwa wasu jijiyoyin jini guda biyu suke hawa, su yi lanƙwasa a kan Atlas, su shiga kai su shayar da ƙeyar ƙwaƙwalwa. Ku riƙe waɗannan jijiyoyi biyu, za mu komo kansu.

A Ingila ma akwai maɗora na gado, kuma yadda aka ƙare da su abin lura ne. A 1867 aka buga wata lacca da babban likitan fiɗa James Paget ya yi a Landan a kan cututtukan da maɗora suke warkarwa likitoci suna kasawa, ya shawarci ɗalibansa su ɗauki mai kyau a aikinsu su bar mara kyau. Hugh Owen Thomas, wanda ake ɗauka uban likitancin ƙashi a ƙasar, ɗan maɗori ne jikan maɗori, sai dai shi ya je makarantar likita. Ya ƙera wani ƙarfen ɗori na cinya, wanda Robert Jones, yaron da ya tashi a hannunsa domin mijin gwaggonsa ne, ya shigar da shi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bisa lissafin likitocin sojan, kafin 1916 kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda harsashi ya karya wa cinya mutuwa suke yi, bayan an soma amfani da ƙarfen adadin ya sauko ƙasa da kashi 20. Jikokin wannan ilmi ne suke aiki a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

A Amurka sai abin ya bi wata hanya dabam. Daniel David Palmer, haifaffen Kanada a 1845, ya yi sayar da kayan masarufi, ya yi maganin maganaɗisu, watau shafa majinyaci da hannu da da'awar cewa wani ƙarfi yana fita daga jikin mai shafawa. A watan Satumba na 1895, a garin Davenport na jihar Ayowa, ya danna wani ƙashi a bayan mai sharar ginin da yake haya, Harvey Lillard, wanda kunnensa ya daɗe da nauyi, ya ce kuma mutumin ya koma ji. Daga wannan ne ya gina ra'ayinsa, cewa kashi 95 cikin 100 na cututtukan ɗan Adam daga gocewar ƙasusuwan baya suke, domin ƙashin da ya goce yana danne jijiya, ya tare wata basira ta halitta da take gudana daga ƙwaƙwalwa zuwa sassan jiki. Ya ce ma ruhun wani likita da ya riga ya mutu ne ya sanar da shi asirin, maganar da in a nan aka yi ta mun san sunan da za mu ba ta. Wani limamin coci abokinsa ya haɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar aikin hannu. Ya buɗe makaranta a 1897, aka ɗaure shi a 1906 saboda yin magani ba da lasisi ba, ya rasu a 1913. Ɗalibin da ya karanta sassan jiki ko na shekara ɗaya zai lura da matsala tun a labarin farko: jijiyar ji daga kunne take shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye a cikin ƙoƙon kai, ba ta ratsa gadon baya ko kaɗan.

Ɗansa, B. J. Palmer, shi ne ya mayar da abin babbar kasuwa. Mutum ne gwanin talla. Ya sayo na'urar hoton ƙashi a 1910, ya kafa gidan rediyo a 1922 (a can ne Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, ya fara aikin sanarwa), a 1924 kuma ya fito da wata na'urar auna zafin fata da ya ce tana gano inda jijiya ta danne, ya matsa wa almajiransa su yi hayarta da tsada, abin da ya raba kan 'yan sana'ar. Wajen 1930 ne ya zo da maganar da ta tara mu yau. Ya ce duk sauran ƙasusuwan baya a bar su, tushen cuta yana saman wuya, a ƙashi na farko ko na biyu, in an gyara nan jiki zai gyara sauran da kansa. Daga wannan koyarwa rassa suka fito, waɗansu suna yin bugu mai sauri da gefen hannu a bayan kunne, waɗansu, kamar ƙungiyar NUCCA da aka kafa a 1966, suna dannawa a hankali bayan sun ja layuka a kan hoton ƙashi sun auna karkata da digiri.

Ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙe su da gaske, har ta kafa kwamiti a 1963 domin murƙushe su. Duk da haka kowace jiha ta ba su lasisi, ta ƙarshe Luwiziyana a 1974, kuma a 1987 wata kotun tarayya a Shikago ta sami ƙungiyar likitocin da laifin haɗa baki domin kashe wa wasu kasuwa. Ana yawan kawo wannan hukunci a matsayin hujjar cewa maganin yana aiki. Ku ma'aikata kun fi ni sanin cewa lasisi izinin sana'a ne, kuma shari'ar kasuwanci aka yi. Mai shari'ar da kanta ta ƙi yanke hukunci a kan ingancin ilmin.

Bari mu zo ga tambayar. Amsarta ta danganta ga irin ciwon da ake nufi, kuma wajibi ne a yi adalci. In ciwon wuya ne na yau da kullum, irin na wanda ya kwana a karkace, ko magatakardan da ya wuni a sunkuye kan fayil, ko matar da ta shekara tana ɗaukar tulu da dami a kan gammo, to akwai shaidar cewa taɓawa da hannu tana kawo sauƙi na ɗan lokaci. A wani gwaji da aka buga a 2012 a Amurka, an raba mutum 272 masu sabon ciwon wuya gida uku: waɗansu aka yi musu gyaran hannu, waɗansu aka ba su ƙwayoyi, waɗansu aka koya musu motsa wuya a gida. Masu gyaran hannu sun fi masu ƙwayoyi samun sauƙi, amma waɗanda aka koya wa motsa jiki a zama biyu kacal sun tashi kusan kunnen doki da su. Masanan Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara gwaje-gwaje su tace, sun duba a 2015 suka ga cewa fizga mai ƙara da lallaɓa gaɓar a hankali sakamakonsu ɗaya ne. Ita ƙarar da take burge mai kallo, tun 1971 masu bincike a Jami'ar Leeds suka nuna cewa iska ce da take cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka lanƙwasa yatsa. Ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba.

In kuwa babbar da'awar ake nufi, cewa ƙashi ɗaya a ƙarƙashin ƙeya shi ne mabuɗin asma da farfaɗiya da kukan jarirai da hawan jini, to har yau ba a kawo hujjar da ta tsaya ba. A 1973 Edmund Crelin, malamin sassan jiki a Jami'ar Yale, ya ɗauki gadon bayan gawa shida ya matsa su ya murɗa su da inji yana auna ko ƙashi zai danne jijiya, bai ga hakan ba sai da ƙarfin ya kai na karya gadon bayan. A 2010 hukumar da take kula da 'yan wannan sana'a a Ingila ta faɗa wa mambobinta cewa babu shaidar bincike da ta nuna gocewar da suke magana tana haddasa cuta. Hujja mafi ƙarfi da masu saman wuya suke riƙe da ita ita ce ta 2007, inda aka gwada mutum 50 masu hawan jini a Shikago, rabi aka taɓa musu Atlas, rabi aka yi musu na ƙarya, bayan mako takwas jinin kashin farko ya sauka da maki 17, na biyu da maki 3. Sakamako ne mai ban mamaki, amma mutum 50 ne, a hannun mai gyara ɗaya. Da aka sake gwadawa a 2016 a cibiyar binciken kwalejin Palmer kanta, da mutum 51 da wata dabarar taɓa saman wuyan, ba a sami bambanci ba. Ni a ganina, duk wanda ya ce wa dattijo mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa saboda an gyara masa wuya, ya ɗauki alhakin rai.

Yanzu sai mu koma ga jijiyoyin nan biyu. Fizgar wuya da juyi tana iya tsaga bangon jijiyar daga ciki, jini ya daskare a wurin, gudan ya ɓalle ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa, mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki ko ya mutu, sau da yawa kuma matashi ne mai ƙarfinsa. Abin ba ya yawan faruwa, kuma akwai gardama ta gaskiya a kansa. Wani babban bincike na 2008 a lardin Ontariyo na Kanada ya duba mutum 818 da suka sami irin wannan shanyewa, ya ga cewa masu ƙasa da shekara 45 daga cikinsu sun yawaita zuwa wurin mai gyaran wuya kafin abin ya same su, amma haka suka yawaita zuwa wurin likita ma. Fassarar masu binciken ita ce jijiyar ta riga ta tsage, ciwon wuya da na kai da tsagewar ta haifar su ne suka kai mutum neman magani. Ko da mun karɓi wannan fassara, ba ta wanke fizgar ba, domin ma'anarta ita ce cikin masu zuwa da ciwon wuya akwai wanda jijiyarsa a tsage take, kuma hannu ba ya iya gane shi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a riƙa sanar da majinyaci wannan haɗari kafin a taɓa wuyansa. Tun da lallaɓawa a hankali da motsa jiki suna ba da sauƙi iri ɗaya, ban ga abin da fizgar ta ƙara ba in ban da ƙara.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalili na tsoro wanda ba-Amurke ba ya tunaninsa. Kalmar sanƙarau daga sanƙarewa ta fito, domin alamar da Bahaushe ya fara gani a cutar ke nan, wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, wadda kuma aka yi daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 a Zamfara ta ɓulla, nan ta fi yin ɓarna. Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, allura yake bukata a cikin sa'o'i, duk daren da aka ɓata wurin tausa na iya zama na ƙarshe. Haka tarin fuka yakan ci ƙashin baya ya rarake shi, haka wanda ya faɗo daga babur yana iya tashi da ƙafarsa alhali ƙashin wuyansa a tsage yake, jira yake a juya shi. Ga shi kuwa rashin tsaron da ya addabi Maradun da Bakura da ƙauyukan Mafara a 'yan shekarun nan ya sa tafiya asibitin Gusau ko na koyarwa a Sakkwato ta zama abin shawara, sai mutum ya nufi hannun da ya fi kusa. Idan mai wannan hannu ya koyi fizga daga bidiyon waya, ba shi da hoton ƙashi, ba shi da gadon da zai ce masa nan ba a taɓawa.

Taron Alma-Ata na 1978 ya ba ƙasashe shawarar su horar da masu maganin gargajiya su sa su cikin aikin lafiya na matakin farko, Nijeriya kuma ta fitar da manufarta ta maganin gargajiya a 2007. An gwada hakan da maɗora a kudancin Habasha, inda wani likita ya tara su ya yi musu bita ta yini guda a kan tsananin ɗauri, rahoton da ya buga a 2005 ya nuna yanke gaɓoɓi saboda ruɓewa ya ragu ƙwarai. Irin wannan bita ba ta fi ƙarfin sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba, kuma ta hannun Sarkin Ɗori da hakimai ake samun mutanen. Abin da za a faɗa musu game da gaɓa kaɗan ne: a bar yatsu a waje a riƙa duba su, in sun yi sanyi ko sun kumbura ko sun daina ji a kwance ɗaurin nan take, karayar da ta huda fata kuma a tura ta asibiti. Game da wuya ya fi haka gajarta. Wanda ya faɗi yana kukan wuya, ko hannunsa ya mutu, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a tokare kansa da tsumma dama da hagu, mutum ɗaya ya riƙe kan har a isa, kada a zaunar da shi a kan babur.